Gwauron Lamba A Bakin Birgi

Duk wanda ya zo zaurenmu a Tiga yana son koyon saƙar birgi, tambayarsa ɗaya ce: "Ba ƙulli ɗaya ba ne ake ta maimaitawa?" Ƙulli ɗaya ne, ba su yi ƙarya ba. Yarinya mai hankali za ta iya shi kafin a sauke tukunyar rana. Shi ya sa samari da 'yan mata ke zuwa da zumuɗi, su yi mako guda, su ga kamar sun gama. Ni ba na gardama da su. Sai in nuna musu wani siririn yankin raga da ke rataye a jikin azara, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba amma tsawonsa ya fi mutum, in ce su tambaye ni labarinsa ranar da suka fara gajiya da ƙirga. Yawancinsu ba sa daɗewa har su tambaya. Don haka na ga gara in rubuta.

Birgi shi ne ragar da masunci ke tattarawa a hannu da kafaɗa, ya murɗa jiki ya jefa. Idan saƙar ta yi kyau, sai ya buɗe a sama kamar faifai, ya sauka kan ruwa gaba ɗaya, dalmar da ke bakinsa ta ja shi ƙasa ya rufe kifi. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba. Akwai allurar saƙa wadda ake fiƙewa daga gora, a naɗa zare a cikinta. Akwai ma'auni, ɗan katako mai santsi da ake zagaya zare a kansa don kowane ido na ragar ya zo daidai da ɗan'uwansa. Akwai ƙaramar wuƙa. Sai kuma wani tsohon kwanon sha cike da ƙwallon tsamiya, wanda baƙi ke zaton na wasan yara ne.

Mahaifina, Malam Hudu, ba ɗan masunta ba ne. Mutanenmu manoma ne, ruwan dam ne ya cinye garinsu yana yaro, aka taso su nan. Saƙar ya koya wurin wani tsoho Bakabe da ya biyo ruwa ya zauna a unguwarmu. Ni kuma na fara a hannun Baba ina shekara tara, kuma shekara biyu cur ba abin da ya bar ni na yi sai naɗa zare a allura. Daga nan sai gyaran yagaggu.

Gyaran farko da na yi ni kaɗai ina tunawa da shi sarai. Wani masunci ya kawo birgi da ya maƙale a ƙarƙashin ruwa, ya dawo da rami kamar bakin tukunya. Baba ya duba ya ce reshen wata tsohuwar kuka ce ta garinsu, har ya faɗi ƙofar gidan wanda take tsaye. Na zauna ina ɗinke ramin ina tunanin bishiyoyin da ke tsaye cikin duhun ruwa, karfasa na ratsa rassansu kamar tsuntsaye. Da na gama, Baba ya sa yatsa ya ƙirga idanun da na mayar, ya ce goma sha bakwai ne a inda sha shida suka fita. Ya sa na kwance. Ya ce, "Uwani, hannunki yana nan, amma ke kin tafi yawo." Uwani yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Babban birgi, irin mai ƙananan idanu na kama kawara, ga yadda muke yinsa. Ana fara kansa da ido ɗari da ashirin, a rataye a azara. Ana raba shi tsagi sittin, kowane tsagi ido biyu. Ana saƙawa ana zagayawa, kuma bayan kowane zagaye uku sai a yi ƙari, wato a ƙara wa kowane tsagi ido ɗaya, don ragar ta riƙa buɗewa tana faɗi. Ƙari arba'in ake yi. Idan an kai baki, kowane tsagi yana da ido arba'in da biyu, gaba ɗaya dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Na taɓa zama na lissafa ƙullin da ke cikin birgi guda, na samu 162,360. Wanda ya ce ƙulli ɗaya ne, wannan ne adadin sau nawa zai yi shi ba tare da hankalinsa ya tafi ba.

Dokar Baba ita ce, duk lokacin da aka gama ƙari, sai a ajiye allura a ƙirga zagayen da yatsa. Ido sittin, a jefa ƙwallon tsamiya ɗaya a cinya. Wani sittin, wani ƙwallo. Idan an dawo inda aka fara, dole ƙirgar ta ƙare cif a kan ƙwallo, ba saura ba giɓi. Sau arba'in ake wannan a birgi ɗaya, kuma yadda ragar ke faɗi haka ƙirgar ke tsawo.

Abin da ya sa sai wannan lamba ba wata ba, masu saye ne. Dalma ake ɗaurawa a bakin birgi, kuma kowane masunci da nauyin da yake so. Saurayi mai ƙarfin dantse da ke jifa a zurfi zai ce a sa masa dalma bayan kowane ido biyar ko shida. Dattijo mai ciwon kafaɗa zai ce tara ko goma. Wani kuma zai dawo bayan shekara ya ce a sauya masa. Dole bakin ragar ya rabu daidai ko da wanne aka zo, don in tazarar ƙarshe ta gaza ko ta zarce, nauyi ya karkata.

Baba bai yi boko ba, amma ya kasa lambobi gida-gida kamar mutanen gari. Akwai cika da mara, waɗanda kowa ya sani. Akwai wadda yake kira mai jama'a, wadda ko ta ina aka zo mata za ta rabu, kamar sittin. Akwai gwauro, wanda ba mai raba shi sai ɗaya da shi kansa, kamar sha uku ko talatin da ɗaya. Sai kuma gwauron ƙarya, wanda za ka gan shi shi kaɗai ka tausaya masa, ashe yana da iyali ya ɓoye a wani gari. Casa'in da ɗaya ne misalinsa kullum. "Dubi fuskarsa kamar ba shi da kowa," in ji Baba, "alhali bakwai da sha uku suna can suna jiransa da tuwo."

Sai da na je kwalejin ilimi karatun lissafi na fahimci abin da ke rataye a zaurenmu. Wata rana malami ya ce mu nemo lamba mafi ƙanƙanta da ɗaya zuwa goma duk suke raba ta ba saura. Na yi aikin a takarda, amsar ta fito: 2520. Na zauna ina kallonta, biro a hannu, har wadda ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce lafiya. Lambar bakin birginmu ce. Masu raba ta arba'in da takwas ne. Takwas da tara da biyar da bakwai ne suka haɗu suka haife ta. Da na dawo hutu ban ko cire takalmi ba na tsuguna gabansa.

Na ce, "Baba, ka san babu wata lamba ƙasa da tamu da ɗaya zuwa goma duk suke raba ta?"

Bai ɗago daga allurarsa ba. Ya ce, "To da akwai, ai da ita za mu yi mu huta da zare."

Muguwar shekararmu ita ce wadda na gama karatu. A lokacin ragar kamfani ta riga ta cika kasuwanni. Ana sayo ta a dunƙule, a yanka, a haɗa, cikin kwana uku an yi birgi. Ba ta buɗewa kamar ta hannu, ba ta kuma daɗewa, amma ba a jira. Masu kawo mana zare sun ragu sun koma 'yan dattijai, kuma dukansu Kawu Ilu suke kallo. Kawu Ilu aminin Baba ne tun suna yara a tsohon gari, shi ne kuma wanda ya fi kowa iya jifa a gaɓarmu. Inda ya kai zarensa, nan saura ke kaiwa.

Ƙarshen rani Kawu Ilu ya kawo zaren babban birgi. Baba ya ƙulla kai, ya yi ƙari uku. Rana ta huɗu bayan azahar allura ta faɗi daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka, ya kasa. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye. Aka kai shi asibiti, daga can aka wuce da shi gidan ƙanensa a Kiru don jinya. Gida ya rage daga ni sai Gwaggo Tabawa, yayarsa, sai birgin da bai kai tsawon hannu ba yana lilo a azara.

Kawu Ilu ya zo gaisuwa. Bayan an yi addu'a ya tsaya yana kallon azarar.

Ya ce, "To Malama, in ɗauki zarena ko in bari?"

Na ce, "A bari, Kawu. Zan ƙarasa."

"Da biro za ki ƙarasa?"

"Da allura, Kawu."

Ya shafa gemu. Ya ce, "Ni dai ba zan ɓoye miki ba. Mutanen nan sun ce hannun gidan nan ya tafi, su ragar kamfani za su koma. Na ce su dakata kwana hamsin. Ranar Juma'ar da ta cika, bayan an sauko, ki kawo shi gaɓa. Dalma bayan ido takwas. In ya yi, nan za mu ci gaba da kawo zare. In bai yi ba, ba faɗa, sai dai gaisuwa."

Kwana hamsin ba su da yawa ga mai hannu ɗaya a kan babban birgi. Na ɗauko littafi na ja layi, na rubuta adadin kowane zagaye tun daga kai har baki: ɗari da ashirin, ɗari da tamanin, ɗari biyu da arba'in, har zuwa ƙarshe. Sai na kalli kwanon tsamiya, na ce a raina, me zai sa in ɓata lokaci ina ƙirga abin da na riga na sani? Tsofaffi suna ƙirgawa ne don ba su da takarda. Sittin sau kaza a tara da ɗari da ashirin, amsar ba ta sauyawa. Na tura kwanon ƙarƙashin benci. Duk ƙarin da na gama sai in sa alama a littafi.

Gwaggo Tabawa ta lura. Ta ce, "Ke, ban jin ƙarar tsamiyar nan kwana biyu."

Na ce, "Tana cikin littafi, Gwaggo."

Ta ce, "Allah ya sa littafin ya san da zancen."

Aikin ya tafi kamar ruwa. Hantsi yana shigowa ta ƙofar zaure ya ratsa ragar, inuwarta ta zuba a ƙasa kamar an zana wa daɓen lalle. Ina saƙa ina tsara baitoci a kaina. Ranar arba'in da uku na ƙulla ido na ƙarshe, na rubuta 2520 a littafi, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ɗaurin dalma na fara washegari da sassafe. Ido takwas, dalma. Ido takwas, dalma. Ɗari uku da sha biyar ya kamata su shiga. Da la'asar sakaliya na zagayo inda na fara, na ɗaura ta ƙarshe, sai ga ido ɗaya a tsakanin yatsuna, ba shi da wurin zuwa. Na ce hannu ne, wani wuri na ƙirga bakwai a maimakon takwas. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk takwas ne.

Ko a nan ban zargi littafi ba. Washegari na karya tsinkayen tsintsiya, na ce bari in gwada da bakwai, ina soka tsinke bayan kowane ido bakwai. Na zagayo. Ido ɗaya ya rage. Na zare su duka na gwada tara. Ido ɗaya. Gwaggo ta ajiye tsintar shinkafarta ta matso, ta ce in gwada goma tana gani. Ɗaya. Shida. Ɗaya. Biyar. Ɗaya.

Ta ja da baya ta kama haɓa. Ta ce, "Uwani, wannan ɗayan ba na mutane ba ne. Ko ta ina kika bi yana gabanki yana jiranki. Bari in ɗauko turare."

Ni kuwa na gane ba aikin aljani ba ne. Duk lambar da ta fi tamu da ɗaya tak, dole ta bar saura ɗaya ko da wanne aka raba ta daga biyu zuwa goma. Na jawo kwanon tsamiya daga ƙarƙashin benci, na busa ƙurar da ke kai, na ƙirga yadda aka koya mini. Ƙwallo arba'in da biyu a cinyata, da ido ɗaya a hannu. Dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya.

Na ce wataƙila gwauron ƙarya ne. In sha ɗaya ta raba shi, ko sha uku, sai in lallaɓi Kawu Ilu ya karɓi wata tazarar da dalma mai ɗan nauyi. Na buɗe sabon shafi. Sha ɗaya ta bar saura biyu. Sha uku ta bar sha biyu. Sha bakwai ta bar biyar. Na bi su duka, sha tara, ashirin da uku, ashirin da tara, talatin da ɗaya, talatin da bakwai, arba'in da ɗaya, arba'in da uku, arba'in da bakwai. Bayan nan ba sauran nema, don hamsin da uku sau hamsin da uku ya riga ya wuce lambar. Ba wanda ya shiga. Gwauro ne na gaskiya, yana zaune katanga ɗaya da lambar da ta fi kowa jama'a. Ido ɗaya ne tsakaninsu. Na daɗe ina kallon shafin, kamar wadda ta buɗe ƙofar ɗakinta ta tarar da rijiya.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da kowane sabon hannu ke yi. Na kama ido biyu na ƙarshe na haɗe su a ƙulli ɗaya, na ja shi ya kwanta, na ɗaura dalma a kai. In ba ka sani ba, ba za ka gani ba.

Ranar Talata aka dawo da Baba, saura kwana uku. Ya rame, yana jan ƙafa, hannun dama a naɗe a ƙirji, maganarsa a hankali. Ko ruwa bai sha ba ya ce a zaunar da shi a zaure a miƙo masa bakin birgin. Ya riƙa jan shi da hannun hagu ta kan gwiwarsa, leɓensa na motsi. Na tsaya a bakin ƙofa. Ya wuce dalma ɗari, ya wuce ɗari biyu, ya wuce ɗari uku. Sai hannun ya tsaya. Ya murza wurin da babban yatsa sau biyu.

Ya ce, "Nawa ne?"

Na ce, "Lambarmu da ɗaya, Baba."

"Ashirin da ɗaya." Ya girgiza kai. "Gwauro. Da ragewa kika yi ma da sauƙi. Sha tara ɗin nan na ƙasa na ƙarya ne, sha ɗaya tana raba shi."

Na ɗauko biro a gabansa na gwada, don ban yarda ba. Sha ɗaya sau ɗari biyu da ashirin da tara: 2519 cif. Na ɗago ina kallonsa baki buɗe.

Ya ce, "Mene ne abin kallo? Mutum ya yi shekara arba'in a gida bai san maƙwabtansa na dama da hagu ba? Ina tsamiya?"

Gwaggo ta ce daga tsakar gida, "Tana cikin littafi."

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Wannan da kika haɗe, ido mai ciki ke nan. Ƙulli ɗaya yana ɗauke da nauyin biyu, ranar da kifi ya cika nan zai fara tsinkewa. Kuma Ilu ba ya jefa sabon birgi sai ya bi bakinsa da yatsa kamar yadda na bi. In ya samu ɗinki a fili, ya san an yi kuskure an gyara. In ya samu ido mai ciki, ya san an yi kuskure an rufe shi. Gidan da aka kama da wannan ba a sake kai masa zare."

Ya sa na kwance dalmar, na ƙirga tsagi-tsagi. Na talatin da ɗaya ne ke da ido arba'in da uku. Muka bi shi sama, ina ƙirgawa yana amsawa, har ƙari na tara, inda ya kamata a sami sha ɗaya aka sami sha biyu. Ga shi nan a fili, ƙari biyu gefe da gefe kamar tagwaye. Nan take na tuna ranar. Ranar aka yi ruwan farko, na ajiye allura na fita kallon yadda ƙasa ke turiri tana ƙamshi, na dawo na sake ƙarin da na riga na yi. Da na ƙirga da tsamiya a yammacin nan, da ƙulli kaɗan zan kwance. Yanzu idon ya haifi wani, wani ya haifi wani, zagaye casa'in da shida har baki.

Ina cikin wannan tunani ban ga lokacin da ya ɗauki wuƙa ba. Ya danne bakin ragar da ƙafarsa mai lafiya, ya sa hagu ya tsinke zare. Na ji ƙarar a haƙorana. Kwana arba'in da uku na aikina, ya fara tsagewa daga ƙasa. Gwaggo ta yi salati ta saki tsintsiya.

Ya miƙo mini wuƙar ta wajen ƙota. Ya ce, "Na buɗe miki hanya. Hannuna ba zai kai sama ba. Bi layinsa ki fitar da shi, kada ki kauce ko zare ɗaya."

Feɗe birgi ya fi saƙa shi wuya. Zare ɗaya za ka yanka a dama, ɗaya a hagu, ka hau mataki, ka sake. In ka yanka na maƙwabci, ka buɗe wani ramin. Wunin Laraba duka a tsaye na yi shi, Gwaggo na riƙe da gefe ɗaya tana ta addu'a, Baba na zaune yana cewa "dama" ko "hagu" in ya ga wuƙar na shakka. Da na kai ƙari na tara, siririn yankin ya faɗo hannuna, birgin kuma ya rataya a buɗe kamar rigar da aka tsaga. Alhamis na tsince guntayen zare daga kowane ƙulli, na haɗa gefe da gefe da sabon zare, ina ɗinkewa daga sama zuwa ƙasa. Sabon zaren ya fi tsohon fari, ana hango layinsa daga ƙofa. Na ce ko in shafa masa ƙasa ya saje. Baba ya ce in bar shi yadda yake. Kafin magariba na ƙirga baki da tsamiya sau biyu. Dalmar kuwa sai safiyar Juma'a na gama mayar da ita.

Bayan an sauko daga masallaci muka tafi gaɓa. Aka ɗora Baba a babur, ni na biyo da birgin a ka. Masunta sun fi ashirin a gindin bishiya, wasu da ragar kamfani a kafaɗa. Kawu Ilu ya gaisa da Baba, ya tsokane shi cewa ya tafi Kiru cin kaji ya bar mace da aiki. Sannan ya zauna a bakin kwalekwale ya ɗora bakin birgin a gwiwa.

Ya bi shi takwas-takwas, ba gaggawa. Da ya zo kan farin zaren sai ya tsaya. Ya ɗaga ragar, ya bi layin da ido tun daga baki har can sama kusa da kai. Mutane suka matso. Na ji wani ya ce, "Feɗe shi aka yi." Wani ya ce, "Sabon birgi?"

Kawu Ilu ya ce, "Malama, me ya faru a nan?"

Na ce, "Ido ɗaya na ƙara a ƙari na tara, Kawu. Ban ƙirga ba. Littafi na bi."

"Wa ya feɗe?"

Baba ya ce, "Zaren farko ni ne. Sauran ita."

Kawu Ilu ya sake sunkuyawa kan ragar. Ya ƙarasa bin bakin har ya dawo inda ya fara, dalma ta ƙarshe ta zauna a kan ido na takwas. Ya miƙe, ya naɗe wando, ya shiga ruwa zuwa gwiwa. Ya tattara birgin a hannu, ya ɗora wani sashe a kafaɗa, ya murɗa sau ɗaya ya saki.

Ban taɓa ganin aikina daga nesa ba sai ranar. Ya tashi ya buɗe gaba ɗaya, zagayayye, rana na ratsa shi, farin layin nan yana tsaye a cikinsa kamar tsagar kitso. Ya ɗan tsaya a sama. Sannan dalma ɗari uku da sha biyar suka taɓa ruwa da ƙara ɗaya.

Ya jawo igiya a hankali, ya fito da shi da 'yan kawara suna walƙiya a ciki. Ya zo gabana ruwa na zuba daga gwiwar hannunsa.

Ya ce, "Ido nawa ne a bakinsa?"

Na ce, "Dubu biyu da ɗari biyar da ashirin."

"In ji wa?"

Na kwance bakin mayafina na nuna masa. Ya sa jiƙaƙƙen yatsa ya ƙirga su ɗaya-ɗaya a tafin hannuna, ƙwallon tsamiya arba'in da biyu.

Wani dattijo da ke bayansa ya laluba aljihun babbar rigarsa ya fito da ƙunshin sabon zare. Ashe da shi ya zo. Ya ɗora a cinyar Baba ya ce nasa bayan ido tara yake so, kafaɗa ta fara gardama. Baba ya kalli zaren. Sai ya sa hannun hagu ya turo shi gabana.

Ya ce, "Faɗa wa mai aikin."